Amsa ga 'yar'uwar da aka danƙa wa sababbin nas-nas a ɗakin yara masu ƙuna

Wa alaikumus salam, Sista. Da na karanta cewa sababbin nas-nas ɗinki sun haddace lissafin ruwan da ake ƙara wa mai ƙuna amma ba sa duban yaron da ke kwance a gabansu, sai na ji kamar da ni kike, domin haka na fara.

A shekarata ta farko, cikin wani daren hunturu a nan Sakkwato, aka kawo mana yarinya mai nauyin kilo 10 wadda tukunyar kunu ta kife mata tun magariba, amma ba su iso daga ƙauye ba sai bayan awa 4. Ƙunar ta ci kashi 20 na jikinta. Lissafin Parkland, wanda ake fitar da yawan ruwan da shi daga nauyin jiki da faɗin ƙunar, ya ba da mililita (mil) 800, rabinsa a awa 8 na farko, ni kuwa na fara ƙidayar daga lokacin da suka shigo maimakon lokacin da ta ƙone, saboda haka ruwan Ringer da ake ƙara mata ta jijiya yana tafiya mil 50 a awa alhali 100 ya kamata. Cikin dare fitsarin da ke fita ta robar da aka sa mata ya ragu ƙwarai, na gani, na rubuta da kyakkyawan rubutu, ban fahimci abin da na rubuta ba.

Da safe babbar da ke kaina ta ɗaga takardar a gaban uwar yarinyar da dukkan masu jinya, ta ce wa ya ba ni shaidar kammala karatu. Ba ta nuna mini kuskurena ba, ba a ranar ba, ba kuma daga baya ba. Wani likita ne ya gyara gudun ruwan ya zauna ya bayyana mini, kuma Allah ya tashi kafaɗun yarinyar. Har yau ina tuna idon uwar nan a kaina, kuma na yi watanni ina ɓoye tambayoyina don tsoron babbar nan.

Don Allah kada ki kunyata nas-nas ɗin nan a gaban jama'a. Ki tsaya da su a bakin gado ki tambaye su ƙarfe nawa yaron ya ƙone, fitsari nawa ya yi a awar da ta wuce, kuma me za su yi idan bai kai mil 1 a kowane kilo ba. Ki jira su amsa ko da shirun ya yi tsawo. Ki raba su da ƙa'idar tara-tara ta manya, wadda ke auna faɗin ƙuna ta hanyar kasa jiki kashi 9-9, domin kan jariri kaɗai ya kai kusan kashi 18. Su riƙe taswirar Lund da Browder mai nuna kason kowane sashe na jiki gwargwadon shekaru, ko tafin hannun yaron da yatsunsa a matsayin kashi 1. Su auna sukarin jini, su lulluɓe yaro bayan wankin ciwo, don sanyin nan namu yana kama wanda fatarsa ta saluɓe da sauri.

Sannan batun iyaye. Za su zo da ƙwai ko man goge baki a kan ciwon. Idan nas ta fara da faɗa, uwa za ta tsorata ta ɓoye ainihin lokacin da abin ya faru, kuma a kan wannan lokacin aka gina lissafin gaba ɗaya.