Tambaya da Amsa: Aji, Asibiti da Kotu ta Kiran Bidiyo

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan satin saƙonni uku na zaɓo, duk a kan yin aiki ta kiran bidiyo irin su Zoom da Google Meet da Teams suke.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce, ina koyarwa ta Zoom, amma rabin ɗaliban sai su kashe kyamara, wasu kuma netwok ya yi ta fitar da su, sai in ji kamar ni kaɗai nake ta surutu. Shin in tilasta wa kowa ya kunna kyamara?

AMSA: Malama Allah ya saka da alheri, amma gaskiya ni ban goyi bayan tilastawa ba. Kin ga hoton nan shi ke cin data, kamfanin Zoom da kansa ya ce kiran bidiyo tsakanin mutum biyu yana buƙatar wajen kilobit 600 (ma'aunin gudun data ke nan) a sakan ɗaya, murya zalla kuwa 60 zuwa 80 ta ishe ta, to yaron da netwok ɗinsa ke rawa idan kika ce dole sai ya kunna ai kamar kin kore shi ne daga ajin baki ɗaya, ga kuma wanda bai son abokansa su ga ɗakin da yake zaune, wannan ma uzuri ne babba. A 2020 lokacin korona UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce ɗalibai kusan biliyan 1.6 rufe makarantu ya shafa, kuma waɗanda aka fi bari a baya su ne marasa intanet mai ƙarfi.

Abin da zai nuna miki suna tare da ke shi ne ki riƙa kiran suna, duk bayan 'yan mintuna ki jefa tambaya su amsa da murya ko su rubuta a wurin saƙo. Ki yi rikodin darasin saboda wanda ya faɗi a hanya. Zoom na kyauta minti 40 yake yi ya yanke, sai ki raba darasin gida biyu yara su ɗan huta a tsakani. Kuma don Allah ki saka kalmar sirri ki kunna ɗakin jira na Zoom, inda mai son shiga zai tsaya sai kin ba shi izini, domin a 2020 an sha samun baƙi suna faɗowa cikin azuzuwa suna watsa abin da bai dace ba.

TAMBAYA: Mahaifiyata tana da hawan jini, likitanta ya ce a riƙa ganawa ta bidiyo a maimakon zuwa asibiti kowane lokaci. Hankalina bai kwanta ba, likita zai iya duba mutum bai taɓa shi ba?

AMSA: Allah ya ba Mama lafiya ɗan'uwa. Idan likita ne da ya riga ya san ta ya taɓa duba ta ido da ido, bibiya ta bidiyo tana da amfani sosai, musamman ga tsohuwar da tafiya ke wahalar da ita. Sai dai idon likitan yanzu kai ne. Ka samu na'urar awon jini ta damtse, ta zauna ta huta minti biyar kafin a auna, ka rubuta lamba da rana a littafi, ranar ganawa ka tara duk kwalayen maganinta ka nuna wa kyamara ɗaya bayan ɗaya, ta zauna inda haske ke dukan fuskarta, taga kar ta kasance a bayanta. Ka ba ta wuri ma idan tana son magana da likita ita kaɗai.

Amma fa kyamara ba ta jin ƙirji ba ta danna ciki. Idan bakinta ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko ciwon ƙirji ko numfashi ya yi wuya, babu maganar jiran kira, asibiti kai tsaye.

TAMBAYA: Yayana yana tsare, an ce za a saurari maganar belinsa ta bidiyo daga gidan yari ba za a kawo shi kotu ba. Wannan shari'a ce ta gaskiya? Kuma ba za ta cuce shi ba?

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya kawo mafita, wannan tambayar ta fi tsaya min a rai. Ko zaman ya halatta ya danganta ne da dokar ƙasar da kuke, lauyansa ne zai tabbatar miki, amma ƙasashe da yawa sun yarda da shi musamman tun daga 2020, har ta kai a watan Mayun shekarar wata kotu a Singafo ta yanke wa wani mutum hukuncin kisa ta Zoom, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka yi tir da hakan. To zama ne na gaske, abin da aka yanke a cikinsa yana aiki.

Maganar cutarwa kuwa ba zan ɓoye miki ba, akwai abin dubawa. A gundumar Cook da ke jihar Illinois ta Amurka an fara sauraron beli ta bidiyo a 1999, daga baya masu bincike suka duba bayanan shekaru suka wallafa a 2010 cewa kuɗin belin da ake yankewa ya ƙaru da kashi 51 cikin 100 a laifukan da aka mayar da sauraronsu ta bidiyo, waɗanda ake kawo mutum da kansa kuma ba su canja sosai ba. Ni a ganina dalilin a fili yake. Alƙali kai da kafaɗa kawai yake gani a ɗan ƙaramin allo, mutum yana kallon sikirin a maimakon kyamara sai ya zama kamar yana kawar da ido, murya ta makara da sakan ɗaya sai a ɗauka yana inda-inda, ga shi ba zai iya karkatowa ya raɗa wa lauyansa magana a kunne ba, kuma idan an doke shi a tsare da wuya a ga alama, balle ya faɗa alhali gandiroba na tsaye a bayansa. Shi ya sa kwamitin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a 2014 cewa wanda aka kama a kai shi gaban alƙali da jikinsa a karon farko.

Ban ce bidiyo a kotu ba shi da amfani ba fa, ɗage zama ko saka rana ko shaidar da ke wata ƙasa mai nisa duk yana rage jinkiri, kuma jinkirin nan shi ma mutane yake cinyewa a tsare. Amma ranar da 'yancin mutum ke kan mizani na fi son a kawo shi.

Ki zauna da lauyan kafin ranar. Ki tambaye shi ko doka ta ba da dama ya nemi a kawo yayanki da kansa, idan an ƙi to ya nemi a ba su lokaci su gana su biyu kafin zaman, da kuma hanyar keɓewa a tsakiyar zaman idan buƙata ta taso, manhajojin nan suna da ɗakin gefe na irin wannan. Idan yana buƙatar tafinta a faɗa tun da wuri. Shi kuma a gaya masa ya kalli kyamara idan yana magana, kuma duk lokacin da murya ta yanke ko bai ji abin da aka ce ba kar ya gyaɗa kai don kunya, ya ɗaga hannu ya ce ban ji ba a maimaita, lauya kuma ya nemi a rubuta hakan a bayanan zaman kotun.