Ƙullin magani daga Ringim zuwa Ingila: abin da doka ta ce

Wani ɗan'uwa daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, wanda ke aikin kula da tsofaffi a Birmingham, ya rubuto cewa mahaifiyarsa ta haɗa masa sassaƙen maɗaci da garin sabara saboda basir, za ta ba wani mai tahowa, kuma yana tunanin a ƙaro masa ya riƙa sayar wa 'yan gida.

Malam, Allah ya saka wa Inna da alheri, amma abin da za ka sha daban ne da abin da za ka sayar, kuma a wajen sayarwar ne nake ji maka tsoro. A Ingila hukumar MHRA ce ke kula da magunguna, kuma tun daga 2011 maganin gargajiya da aka shirya domin kasuwa sai ya samu rajista, wadda ake gane ta da tambarin THR a jikin kwali. Cikin sharuɗɗan akwai hujjar cewa an shekara 30 ana amfani da shi, da tabbacin tsabta da inganci. Garin da aka daka a turmi aka ƙulle a leda ba zai cika wannan ba, kuma da zarar ka rubuta a WhatsApp cewa yana warkar da basir ka sa masa farashi, ka taka doka. Mai zama da bizar aiki, wadda dama ta taƙaita sana'ar da zai yi a gefe, bai kamata ya sa takardunsa cikin haɗari saboda ribar 'yan fam kaɗan ba.

Lambar NAFDAC ma ba ta aiki a can, domin kowace ƙasa da tsarinta. Amurka, bisa dokar 1994, tana ɗaukar irin waɗannan a matsayin ƙarin abinci, amma ta hana a ce suna warkar da cuta, kuma tana cin tarar wanda bai bayyana kayan tsirrai a filin jirgi ba. Saudiyya kuwa ko goro ta haramta shiga da shi.

Idan na shan ka ne, a busar da shi sosai, a kakkaɓe ƙasa daga saiwa, a rubuta sunan itacen a jikin kowane ƙulli, a ɗauko kaɗan, mai ɗaukowa kuma ya nuna wa jami'an kwastan da kansa. Ya ga abin da aka zuba da idonsa kafin a ɗaure, domin an sha kama bayin Allah da saƙon da ba su buɗe ba.

Ita kuma Inna kada ka ce mata ba ka so, ka bayyana mata cewa dokar wurin ce ta sa za a rage. Kafin ka fara jiƙa shi ka gaya wa likitanka, musamman idan kana shan maganin hawan jini ko na suga, kuma idan kana ganin jini a bayan gida a duba ka tukuna.