Dala 800 a wata don sunan ɗanka kawai? Kada ka karɓa

Wasiƙar wannan makon daga Greensboro ta zo, a jihar Carolina ta Arewa. Mai ita ɗan Maraɗi ne, direban babbar mota, cacar biza ta kawo shi, yana da katin zama na dindindin, baɗi kuma yake shirin neman zama ɗan ƙasa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Ɗana mai shekara 3 da rabi ba ya magana, in an kira shi ba ya waiwayowa. Likita ya ce galahanga (autism) ce, ya rubuta mana horon ABA, wato horon koya wa yaro magana da ɗabi'u mataki-mataki, amma duk cibiyar da muka kira sai a ce mu jira watanni. Wani da muke sallar Juma'a tare ya ce cibiyar abokinsa za ta ɗauke shi gobe, awa 40 a mako, Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati, ke biya, kuma za a riƙa ba ni dala 800 duk wata ko yaron bai je kullum ba, sa hannu kawai zan yi. Hajiyata a gida ta ce shafar aljanu ce, in aiko shi a yi masa ruƙiyya ya zauna wurinta. Uwar yaron ta ce sai dai bayan ranta. Ni ke ciyar da gida biyu."

Ɗan'uwa, Allah ya ba yaron lafiya, ya ba ku ladan ɗawainiya. Kada ka sa hannu a komai, kada ka ba mutumin nan lambar Medicaid ɗin ɗanka. Wanda kuke jam'i tare ma yana iya zama dillali, kuma wannan dillali ne, kamashonsa yake nema.

Cibiyar gaskiya ba ta biyan iyaye. Wannan kuɗin cin hanci ne, daga kuɗin da za a karɓa hannun gwamnati da sunan awannin da ba a yi ba. An riga an ga ƙarshen irin wannan a jihar Minnesota. A Disambar 2024 jami'an FBI suka binciki wasu cibiyoyin galahanga, a Satumbar 2025 kuma aka gurfanar da wata mata kan damfarar kusan dala miliyan 14. Takardun kotu sun nuna ana ba iyaye daga dala 300 zuwa 1,500 a wata kan kowane yaro. Iyayen nan baƙi ne irinmu, ta hannun na gida aka jawo su.

Kai da ke riƙe da kati, abin ya fi maka muni. A dokar shige da fice ta Amurka, damfarar da asararta ta haura dala 10,000 tana cikin manyan laifukan da ke sa a kori mai katin zama, ta kuma rufe masa ƙofar zama ɗan ƙasa. Asarar gwamnati ake lissafawa, ba abin da ya shiga aljihunka ba, kuma lissafin awa 40 a mako ba ya wata biyu bai wuce wannan adadin ba. Ka kuma san fom ɗin N-400 na neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko ka taɓa aikata laifin da ba a kama ka ba. Da wane baki za ka amsa, bayan ka yi rantsuwa? Na ga wasu iyali da suka sa hannu a takardun halarta da ba a cike ba. Ranar da suka sami cibiyar kirki aka ce musu an riga an cinye awannin da aka amince wa yaron. Dillalin kuwa ya sauya lamba.

Ka gane abin da ya sa harkar ta cika da 'yan neman kuɗi. A shekarar 2000 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ƙiyasta yaro 1 cikin 150 ne ke da lalurar. Rahotonta na 2025 ya ce 1 cikin 31. A 2014 gwamnatin tarayya ta umarci jihohi su biya wa yara maganin ta Medicaid, zuwa 2019 kuma duk jihohi 50 sun ɗora wa kamfanonin inshora irin wannan nauyi. Sai manyan masu zuba jari suka shiga sayen cibiyoyi. Kamfanin Blackstone ya sayi CARD, ɗaya daga cikin mafi girma, a 2018. A 2023 CARD ta karye, bayan ta rufe rassa da dama an bar iyaye da neman wani wuri. Da awa ake biyan cibiyoyin, shi ya sa ka ji awa 40 tun kafin a ga fuskar ɗanka. Asalin adadin wani bincike ne na Ivar Lovaas a 1987, inda yara 19 kacal suka sami wannan horon mai yawa. Wani nazari da mujallar JAMA Pediatrics ta buga a 2024 bai sami hujja mai ƙarfi ba cewa yawan awanni shi ke kawo yawan ci gaba. Ban ce ABA ba ta da amfani ba. Na san yaran da suka koyi neman ruwa da shiga bayi da kansu ta dalilinta. Amma akwai manya masu lalurar da ke kukan an takura musu suna ƙanana, kuma yaro ɗan shekara 3 yana buƙatar barci da wasa da cinyar uwarsa.

In kun je ganin cibiya, ka tambayi wanda zai zauna da yaron. Yawanci ma'aikacin da ake kira RBT ne, horonsa na awa 40 ne bayan sakandare. Ƙwararren, wato BCBA mai digiri na biyu, sau nawa zai leƙo, yara nawa ke hannunsa? Za a bar uwar yaron ta zauna ta gani, a koya mata abin da za ta ci gaba da yi a gida? Inda aka ce iyaye ba sa shiga, ku juya. Kafin layi ya zo kanku, rubuta wa hukumar makarantun gundumarku ta Guilford ka nemi a duba shi. Tun da ya cika shekara 3, doka ta ba shi tsarin karatu na musamman da koyon magana kyauta. Shirin TEACCH na jami'ar jiharku, mai kula da masu galahanga, shi ma yana da reshe a nan Greensboro.

Sai maganar Hajiya. Tausayin jikanta ne ya sa ta faɗi haka, ka ba ta girmanta. Amma a nan ina bayan matarka ɗari bisa ɗari. Yaron da ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, wanda sauyin kofin shan ruwa ma ke tayar masa da hankali, shi za a raba da uwarsa a ɗora a jirgi? Addu'a da tofi ba su da iyakar ƙasa, ku yi masa safe da yamma, Hajiya ma ta yi daga can. Waɗannan shekarun ne ƙwaƙwalwarsa ta fi karɓar koyo, ba sa dawowa. In kuma uwar ta bi shi, ka san hukuncin mai katin zama da ya wuce wata shida a wajen Amurka, balle shekara. Kada ka bari a fara cewa daga danginta abin ya fito ko wani abu ta taka da ciki. Ba laifinta ba ne, kuma kai ne garkuwarta; kada ka bar ta da waya a hannu tana kare kanta wurin surukai.

Na san dala 800 ta ja hankalinka ne saboda aiken gida. To ka kira 'yan'uwanka maza ka faɗa musu gaskiya: abincin Hajiya da maganinta na nan, amma gudummawar biki da suna da jarin wane za su tsaya, domin matarka za ta rage aiki ta kula da yaron. Za su yi gunaguni. Ɗanka ba shi da wani uban bayan kai, su kuwa suna da hannuwa.

Dillalin ka ce masa kun sami wani wuri, kada ka tsaya jayayya. In har ka riga ka ba shi lambar ko ka sa hannu a wata takarda, kada ka goge saƙonninku, kada ka karɓi ko sisi, ka ga lauyan shige da fice a wannan makon kafin ka yi magana da kowace hukuma.