Tambaya da Amsa: Ina zan samo kuɗin bincike a kan 'yan zango?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya. Ni malama ce a wata jami'a nan Arewa, kuma ina digiri na uku a fannin nazarin zamantakewa, bincikena a kan Hausawan zangon Kumasi ne, yadda har yau wasu ke musu kallon baƙi alhali kakanninsu ma can aka haife su. Wata ƙawata ta turo min sanarwar Russell Sage Foundation wai suna ba da kuɗin bincike kan launin fata da ƙabila da ƙaura da rashin daidaito, na ce kai wannan ai kamar don ni aka yi. Sati biyu ina fama da furofozal, da na kai wa sufabaizana sai kawai ya ce in daina ɓata lokacina, ko bayani bai min ba. Don Allah gaskiyarsa ce? In ba nan ba ina zan nufa, don wallahi ko kuɗin motar Ghana ya fi ƙarfin albashina.

AMSA: Wa alaikis salam Malama. Bai kyauta ba da bai zaunar da ke ya miki bayani ba, amma fa gaskiya ya faɗa miki. Wata attajira ce Margaret Olivia Sage ta kafa gidauniyar nan a New York a 1907 da dala miliyan 10 cikin dukiyar da mijinta ya bari, kuma tun ran farko an rubuta cewa don gyara zaman jama'a a Amurka aka yi ta. To in sun ce launin fata, baƙar fata da farar fata da 'yan Latin na can ƙasarsu suke nufi, in sun ce ƙaura masu shigowa Amurka suke nufi. Da a ce 'yan Ghana mazauna unguwar Bronx ta New York kike nazari da sai mu ce akwai magana, shi ma ɗin manyan tallafinsu sai wanda ya riga ya gama digiri na uku.

Ƙofofin da suka fi kusa da ke ga su. SSRC, wato cibiyar tallafa wa binciken zamantakewa ta Social Science Research Council, ita ma a New York take, ta kafa shiri musamman na ɗaliban digiri na uku a jami'o'in Afirka mai suna Next Generation Social Sciences in Africa, kuma Najeriya da Ghana duk suna ciki. Akwai CODESRIA, cibiyar bunƙasa binciken zamantakewa ta Afirka, a Dakar, tun 1973 take wannan aiki, ita kam tamu ce ba sai kin tsaya yi musu bayanin mene ne zango ba. Gidauniyar Wenner-Gren na biyan kuɗin zuwa a zauna cikin mutane a yi bincike kuma ba ruwansu da fasfon da kike riƙe da shi, sai dai dole aikin ya zama na nazarin al'adun ɗan Adam. Tunda kina koyarwa, in jami'ar gwamnati ce ki leƙa ofishin TETFund na makarantarku. Ford Foundation kuwa duk da tana da ofis a Legas, galibi ƙungiyoyi da cibiyoyi take ba, kar ki ɓata datarki.

Amma abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, kowane mai kuɗi da abin da ke hana shi barci, kuma can kuɗinsa ke bi. Ki duba abin da ya faru tun daga 2015, da Turawa suka ga jiragen ruwa na ta sauke mutane a Italiya da Girka suka yi taro a Valletta, babban birnin Malta, suka buɗe asusu na musamman don Afirka, a shekarar ne kuma Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure, sai ga Agadas ta cika da masu bincike kowa da littafinsa da rakodarsa yana neman direban da ya taɓa kai mutane Libiya, har sojoji suka zo suka soke dokar a Nuwamban 2023. Alhali mafi yawan 'yan Afirka ta Yamma da ke barin ƙasarsu ba Turai suke zuwa ba, nan maƙwabta suke, Abidjan ne, Akara ce, Legas ce. Ɗan ci-rani da ke tashi daga Tawa zuwa Kano duk bayan girbi ba wanda ke rububin biyan kuɗi a yi nazarinsa, don ba ƙofar kowa yake ƙwanƙwasawa a Turai ba.

Na faɗi haka ne don na san za a ba ki shawara ki cusa Libiya da Bahar Rum a furofozal ɗinki ko za a dace. Kar ki yi. Masu tantancewar nan sun karanta irinsa sun gaji, kuma naki labarin ya fi ƙarfi. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu sati biyu su fice daga Ghana, zanguna suka girgiza, a 1983 mu ma zamanin Shagari muka rama har jakar nan ta samu sunanta na Ghana Must Go. Wa ake kira ɗan ƙasa, wa ake kira baƙo, wa ke samun katin shaida da fili da aikin gwamnati, ai rashin daidaiton kenan, ki rubuta shi a haka tun layin farko.

Kasuwar dai ta yi tsauri, ba zan ɓoye miki ba. Birtaniya ta rage kuɗin agajinta a 2021 ayyukan bincike da yawa suka tsaya a tsakiya, a 2025 kuma gwamnatin Trump ta soke ɗaruruwan tallafin bincike da suka shafi bambancin launi da jinsi, kowa ya dawo kan gidauniyoyin masu zaman kansu. Don haka ki tura wuri uku ko huɗu, kar ki zauna jiran ɗaya. Ki nemi wani malami a jami'ar KNUST can Kumasi ya ba ki takardar cewa zai karɓe ki, ki rubuta kasafin kuɗi na gaskiya har da na masauki da na wanda zai riƙa miki tafinta da Twi, yaren mutanen Kumasi. Furofozal ɗin da kika yi sati biyu a kansa ma kar ki yar, rabinsa zai miki aiki a fom ɗin SSRC.