Zomon da aka hana ma kalaci tun 1959

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti. Ƙanena da ke karatu a Yamai kullum sai ya turo min hotuna a WhatsApp, wani farin zomo ya ƙura ma kwano ido kamar zai yi kuka, wani lokaci kuma wani tsoho mai gashin baki da hular sojan ruwa, shi yana ta ƙyalƙyala dariya ni ko ɗaya ban gane ba. Don Allah ina abin dariyar yake? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba laifinki ba ne, mu da aka tashe mu da koko da ƙosai ina muka san waɗannan? Tallace-tallacen talabijin ne na Amurka, na irin abincin kwalin nan mai sukari da ake zuba ma madara da safe yara su sha kafin tafiya lakwal.

Zomon na tallar Trix ne, ɗaya daga cikin irin abincin kwalin nan, na kamfanin General Mills. Tun 1959 ake nuna shi a talla yana ta dabara don ya ɗanɗana, ya sake kama, ya ɓoye kunnuwa, daga ƙarshe kunnuwan su tona mai asiri yara su fizge kwanon su ce mai ai wannan na yara ne. To yaran da suka kalli tallar suna dariya yanzu sun girma, sun san zafin neman na tuwo, sai suka waiwaya suka ce kai, ashe mu ne mugayen! Bawan Allah shekara sama da 60 yana roƙon loma guda. Nan dariyar take, kowa ya ga kansa a jikin zomon, musamman mai jiran albashi a ƙarshen wata. Ni dai tausayi ma yake ba ni, a Maradi ko almajiri ya tsaya ƙofar gida ba a yi mai haka.

Tsohon kuma shi ne Cap'n Crunch, wato Kyaftin Crunch, na tallar wani abincin kwalin daban, ya fito a 1963. A 2013 wasu marasa aikin yi a intanet suka ƙirga zanen hannun rigarsa suka ga 3 ne, alhali kyaftin na sojan ruwan Amurka 4 gare shi, shi ke nan aka yi ca wai shekara 50 yana cin muƙamin da ba nashi ba, har jaridu suka ɗauka.

In kina son rama ma ƙanen naki, ɗauki hoton zomon ki rubuta a ƙasa "ni da na zo wajen mai ƙosai ƙarfe 9" ki tura mai. Zai gane.