An ce 'yata na da cutar Stargardt, makancewa za ta yi?

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 11 ta daina ganin rubutun allo. Sau biyu ana canza mata gilashi amma a banza. Yanzu an ce cutar Stargardt ce, wai ta gado, alhali ni da babanta idonmu lafiya lau. Makancewa za ta yi?

Amsa: Malama, Allah ya ba ta lafiya. Ki kwantar da hankalinki, da wuya wannan cuta ta kai mutum ga duhu gaba ɗaya. Abin da take ci shi ne makula, ɗan wurin da ke tsakiyar tantanin bayan ido, wanda da shi ake karatu da gane fuska. Ganin gefe yakan saura, shi ya sa za ki ga yarinyar tana tafiya ba ta tuntuɓe, amma in za ta dube ki sai ta ɗan karkatar da kai. Gilashi kuwa haske kawai yake daidaitawa, ba ya gyara tantanin da ya lalace.

Wani likitan Jamus, Karl Stargardt, ya fara bayyana cutar a 1909. Galibi matsalar tana cikin ƙwayar gado mai suna ABCA4, wadda aikinta kwashe dattin da sinadarin bitamin A ke bari a ido. In ta gaza, dattin ya taru ya riƙa kashe ƙwayoyin gani. Ke da babanta kowa na ɗauke da gurɓatacciya guda ɗaya, ita kuma ta haɗa biyun. Ba laifin kowa ba ne. Kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai cutar, don haka a kai 'yan'uwanta a duba su.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Abin da nake roƙonki, kada a ba ta ƙwayoyin ƙarin bitamin A da nufin ƙara mata gani, domin suna iya ƙara tara dattin. Ta sa baƙin gilashi a rana, a zaunar da ita gaban aji, a samo mata gilashin ƙara girman rubutu.

Sai abu ɗaya da ba ya jira. Wani lokaci sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari kan tsiro a ƙarƙashin makula su yi yoyo. An fi ganin haka a 'yar'uwar wannan cuta, wato cutar Best, amma a nan ma yakan faru jifa-jifa, kuma yana da magani, allura ce da ake yi a cikin ido. Ki koya mata rufe ido ɗaya ta kalli gefen ƙofa, sannan ta sauya. Ranar da ta ce miki layin ya lanƙwashe, ko ganinta ya ragu farat ɗaya, kada ku jira ranar da aka ba ku ta komawa asibiti, ku tafi nan da nan.