A-kori-kura Ta Shekara 7 a Ajiye: Ta Ina Zan Fara Tayar da Ita?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana tsohuwar a-kori-kura mai shan fetur, mai kafireto da giyar hannu. Yau shekara 7 ke nan tana ƙarƙashin rumfa, ba wanda ya murza mata makulli. Tayoyin sun sace, batirin ya mutu tuntuni, amma bodin na nan da kyansa. Wani abokina ya ce in sayi sabon batir, in tsiyaya fetur a kafireto, idan ta ƙi tashi mu tura ta. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Motar da ta daɗe haka tana tashi kuwa? Ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinku, ɗan'uwa. Tana tashi mana. Tsofaffin motoci masu kafireto suna da juriya, ba su da kwamfuta da tarin na'urorin da ke rikita motocin yanzu. Sai dai ka yi daidai da ba ka bi shawarar abokinka ba. A wannan aiki makulli na cikin abubuwan da za ka taɓa daga ƙarshe, domin injina da yawa sun jure shekaru a ajiye lafiya ƙalau, sai tayarwar farko ta gaggawa ta kashe su cikin minti guda. Batun turawa kuma ka cire shi daga ranka: ba ka san halin da birki yake ciki ba, kuma fizgar da injin zai sha idan aka saki kuloci na iya karya abin da tsatsa ta riƙe a ciki.

Fara da tambayar mutanen gida, ko bakaniken da ya saba duba ta, me ya sa aka ajiye ta tun farko. Idan rashin lafiyar mai ita ne ya sa ta zauna, to da sauƙi. Idan kuwa zafi take yi, ko an ji ƙara a injin, wannan matsalar tana nan tana jiranka, shekara 7 ba ta warkar da ita ba.

Daga nan sai ka leƙa ƙarƙashinta da tocila da ƙaramar guduma. Kyawun bodi kada ya ruɗe ka. A-kori-kura a kan dogayen ƙarafuna biyu take zaune, wato casis, kuma su ke ɗaukar inji da kaya duka. Bi su kana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin na baya ya maƙale da inda laka ke taruwa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda ya ruɓe sai ka ji dif, ɓawon tsatsa na zubowa, wani lokaci sukudireba ma ta huda shi. Tsatsar sama ana gogewa a shafa fenti. Idan kuwa ta cinye wurin da sifirin ko akwatin sitiyari ke riƙe, kira ƙwararren mai walda ya gani kafin ka kashe ko sisi a kan inji. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai; a tokare ta da ƙafafun ƙarfe, a kan ƙasa mai tauri.

Idan ka ɗaga bonet, yi a hankali. Wurin da ya shekara ba motsi gidan ɓera ne, inda ɓera yake kuwa maciji kan biyo. Buɗe gidan filtar iska ka kwashe tsummoki da ciyawar da suka tara, ka leƙa bakin salansa, sannan ka bi wayoyi da ido da hannu. Wayar da ɓera ya ɓare mata riga ita ke tayar da gobara ranar da aka haɗa sabon batir.

Yanzu inji. Idan mota ta daɗe a tsaye, baƙin mai yakan tsiyaye gaba ɗaya ya koma ƙasa, ya bar bangon silinda a bushe. Kuma duk inda inji ya tsaya, akwai bawul ɗin da ya rage a buɗe, iska mai danshi na shiga ta nan shekara da shekaru, har ringin fistin ya manne da bango. Kik ba ya lallashi. Da ƙarfi yake juyawa, ko dai ringi ya karye ko ya karce silinda. Don haka ka share ƙurar da ke kewayen fulogogi, ka yi wa wayoyinsu alama don kada su rikice maka, ka cire su duka. Duba bakin kowanne: mai launin toka ko ƙasa-ƙasa lafiya yake, wanda ya yi jar tsatsa kuwa yana gaya maka ruwa ya shiga wannan silinda. Zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai ko man sassauta tsatsa a kowane rami, ka bar shi kwana biyu ko uku. Sannan ka cire giya, ka sa sufana mai dogon hannu a ƙaton notin da ke tsakiyar fulin ƙasan inji, ka juya a hankali. Yawancin injina suna juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya idan kana tsaye a gabansu. Yi zagaye biyu cikakku, domin sai da zagaye biyu kowane bawul ke buɗewa ya rufe sau ɗaya. Idan ya cije, kada ka hau kan sufanar da ƙafa. Ƙara mai, ƙara kwanaki, ka riƙa motsa shi gaba kaɗan baya kaɗan. Sauri kan haifi nawa, kuma a nan nawar na nufin sauke inji.

Kafin ka zubar da tsohon baƙin mai, zaro sandar awo ka kalle shi. Baƙi wuluk ba laifi ba ne. Idan ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya gauraya da shi, a binciki gasket ɗin kan inji. Sa sabon mai da sabuwar filta. Haka ruwan lagireto: zubar da shi, wanke, ka matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya ƙage ko ya yi taushi da yawa ka canza. Fambel ma a canza shi.

Ka tambaya kuma ko injin naka da sarƙa yake taimin, wato daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, ko da bel. A cikin Toyota Hilux kaɗai, injin fetur 22R sarƙa gare shi, injinan dizal 2L, 3L da 5L kuwa bel ne. Sarƙa na jure zama. Bel roba ce, tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba, kuma a injina da dama idan ta tsinke fistin na dukan bawul. Idan bel ne, canza shi kafin tayarwa.

Fetur ɗin da ke tankin ya daina zama fetur. Cikin watanni yake fara lalacewa: sassansa masu saurin kamawa su tashi, ragowar ta yi duhu, ta yi warin tsohon fenti, ta zama danƙo mai toshe ƙananan ramukan kafireto. Wanda aka gauraya da etanol ma ya fi ja wa tanki ruwa. A tsiyaye shi duka a waje, nesa da wuta da sigari. Idan akwai tsatsa a ciki a sauke tankin a wanke. Canza filtar mai da tiyoyin roba, a kwance kafireto a wanke shi sosai, a duba famfon mai, domin fatar robar da ke cikinsa takan bushe ta tsage har fetur ya riƙa zuba cikin baƙin mai. Tsiyaya fetur a bakin kafireto ana kik kuwa, ina roƙonka ka guje shi. Inji kan yi atishawar wuta ta nan, ga kwalbar fetur a hannun mutum, ga fuskarsa a sama.

Sabon batir mai cikakken caji zai nuna volt 12.6 ko kusa da haka. Haɗa jar waya tukuna, baƙar ta zo ƙarshe, ka tsaya ka shinshina ko akwai ƙaurin roba. Har yanzu fulogogi na waje. Cire wayar da ke kai wa koyil wuta, rufe ramukan da tsumma saboda man da zai fantsalo, ka yi kik na daƙiƙa 10, ka huta minti ɗaya, ka sake, har jar fitilar mai da ke dashbod ta mutu. Wannan ke nuna mai ya zaga ko'ina kafin nauyi ya hau kan inji. Idan ka samu ma'aunin matsin silinda, yanzu ne lokacinsa: abin da ake so shi ne silindojin su yi kusa da juna, kada wani ya faɗo ƙasa sosai ya bar 'yan'uwansa.

Sai yanzu ka sa sabbin fulogogi, ka mayar da wayar koyil, ka murza makulli, a fili inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙin salansa na kisa a rufaffen wuri. Ajiye abin kashe gobara kusa, ka samu wani ya tsaya yana kallon inji. Da ta kama, kada ka taka totur. Bar ta a silo. Idan fitilar mai ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙu ba, kashe nan take. Shuɗin hayaƙi na mintunan farko man da ka zuba ne ke ƙonewa. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi shi ne abin damuwa, ruwa ne ke shiga silinda. Auna batir tana aiki: tsakanin volt 13.5 da 14.5 na nufin caji na tafiya daidai.

Ga masu karatu da tasu mai dizal ce: ramin fulogin hita ake bi wajen zuba mai a silinda, kuma dole a fitar da duk man da aka zuba kafin a rufe, saboda matsin injin dizal ya ninka na fetur, ɗan ruwa kaɗan a silinda na iya lanƙwasa sandar fistin. Bayan canza filta sai an fitar da iska daga layin mai.

Ranar da inji ya tashi farin ciki kan sa mutum ya so zagaya unguwa, kuma a nan ne na fi jin tsoro. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 na Salshiyas yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a wajen 140 ne. Idan ya tafasa a gangare, feda sai ta nutse har ƙasa ba ta kama komai ba. Ruwan nan kuma ya shekara 7 yana cin bututun ƙarfe da ƙananan fistin na birki daga ciki. Feda na iya yin tauri a tsaye, ta yaudare ka, robar ciki ta fashe a taka ta farko mai ƙarfi. Don haka a buɗe ƙafafu huɗun, a duba diram da takalman birki, a canza robobi da tiyoyi, a zubar da tsohon man gaba ɗaya a sa sabo. Kada a haɗa da DOT 5, shi na silikon ne, ba ya gauraya da su. Birkin hannu idan a ɗaure aka bar shi, za ka tarar takalman sun manne da diram. Ana bubbuga diram da guduma a hankali har su saki.

Tayoyi, ko da zanensu bai cinye ba, duba gefensu za ka ga lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2314, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2014. Manyan kamfanonin taya na cewa kada ta wuce shekara 10 a ƙarƙashin mota, masu ƙera motoci da dama ma shekara 6 suke faɗa. Naka da suka zauna a sace, ginshiƙinsu ya riga ya karye. Hura su don a samu a gangara da motar cikin gida, kada su hau titi.

Kuloci ma kan manne saboda tsatsa, ka taka amma giya ta ƙi shiga. Bakanike ya san yadda ake sakinsa. A canza man giya da na aksil ɗin baya, a bi gaɓoɓin sitiyari da giris, a gwada fitilu da hon, a sabunta takardun motar.

Fitar farko ta zama gajeriya, ba kaya, a hanyar da ba cunkoso, idonka na kan allurar zafi. Idan ka dawo, tsayar da ita a kan busasshiyar ƙasa ka duba abin da ke ɗiga, ka kusantar da hannu ga kowace ƙafa ka ji ko wata ta fi sauran zafi, alamar birki na riƙewa ke nan. Bayan ta yi 'yan ɗaruruwan kilomita, sake canza baƙin mai da filta da filtar fetur, domin dattin da ya kwanta shekaru a lokacin yake tasowa. Sai bayan wannan ka fara ɗora mata kaya, kaɗan-kaɗan.